Gidan mutumin da ya rubuta wa kuka suna: tambayoyi da amsoshi kan ziyarar Hammarby

Tun da na dawo daga wani ɗan kwas na aikin gona a Uppsala, ƙasar Suwidin, tambayoyin da ake yi mini a majalisa da kuma makarantar da nake koyarwa a nan ƙasar Ringim ba su cika tsayawa kan kwas ɗin ba. Hoton wani jan gidan katako a tsakiyar gonaki ne ya fi jawo magana, gidan Carl Linnaeus da ke Hammarby, mutumin da ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai suna a duniya. Na tara tambayoyin a nan, na ɗalibai da na dattawa, har da na masu zolaya, kowace kusan yadda aka yi ta.

Malam, wane ne wannan Linnaeus ɗin har ake niƙar gari a tafi ganin gidansa?

Likita ne kuma masanin tsirrai. An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1707, a wani ƙauye mai suna Råshult a kudancin Suwidin, ya mutu a Uppsala ranar 10 ga Janairu, 1778. Mahaifinsa limamin coci ne na karkara mai son lambu, kuma a hannunsa yaron ya fara koyon sunayen furanni. Ba ɗan masu hali ba ne, da ƙyar ya yi karatun jami'a. Ya samu shaidar likitanci a Holan a 1735, ya zama farfesa a Jami'ar Uppsala a 1741, daga baya sarkin ƙasar ya ɗaukaka shi zuwa sahun masu sarauta, ya koma Carl von Linné. Wannan sunan na biyu shi za ka gani a allunan hanya, don haka mai zuwa ya riƙe shi.

Kafin zamaninsa, idan malaman Turai za su ambaci tsiro a rubuce, doguwar jimla suke jerowa da Latin mai bayyana ganye da fure da saiwa. Wani ya ƙara kalma, wani ya rage, har tsiro ɗaya ya tashi da sunaye barkatai, mutum biyu su yi ta gardama alhali abu ɗaya suke nufi. A littafinsa na 1753, Species Plantarum, ya ba tsirrai kusan 6,000 suna mai kalma biyu kacal, ta farko ta dangi, ta biyu ta shi tsiron, kamar dai sunan gida da sunan yanka. Masana sun amince daga wannan littafi ake fara lissafin sunayen tsirrai, kuma a kan wannan tsari ake har gobe. Duk sunan tsiron da ka ga harafin L. a ƙarshensa, shi ya raɗa.

Ya taɓa zuwa ƙasar Hausa ne? In bai zo ba, ina ya san kuka?

Bai taɓa taka Afirka ba. Fitarsa daga ƙasarsu ɗaya ce mai tsawo, daga 1735 zuwa 1738, yawancinta a Holan, ya ɗan leƙa Jamus da Ingila da Faransa. Daga nan bai sake fita ba. Tsirran ne suka riƙa zuwa wurinsa, a busashe tsakanin takardu, ko iri a ƙunshe, ko zane a littattafan matafiya.

Kuka ta iso masa ne ta bayanin wani Bafaranshe, Michel Adanson, wanda ya yi shekaru a Senegal yana nazarin itatuwa. Linnaeus ya sa wa dangin kuka sunan mutumin, ya zama Adansonia digitata. Abin dariya, shi Adanson bai yarda da tsarin Linnaeus ba ko kaɗan, ya fi son a riƙe sunayen da aka samu ana kiran tsirrai da su.

Ba kuka kaɗai ba. Tsamiya Tamarindus indica ce, gyaɗa Arachis hypogaea, riɗin da ake lodawa daga Jigawa Sesamum indicum, yakuwar da ke ba mu zoɓo Hibiscus sabdariffa, rama Hibiscus cannabinus, lalle Lawsonia inermis, aya Cyperus esculentus, dabino Phoenix dactylifera. Duk waɗannan da L. a bayansu. Dawa da wake da aduwa da goruba da kurna ma shi ya fara sa musu suna, sai dai waɗanda suka zo bayansa sun sauya musu dangi, shi ya sa ake rubuta L. ɗin nasu cikin baka. Ba kowane ya dace ba: ya jingina tsamiya ga Indiya, alhali masana na ganin asalinta nan Afirka ne.

Ya kuma riƙa tura ɗalibansa ƙasashe su tattaro masa tsirrai. Mutum 17 ake lissafawa, bakwai ba su dawo gida ba. Peter Forsskål ya bi Masar zuwa Yaman, ya mutu can a 1763 da zazzaɓin cizon sauro, bayan ya rubuta sunayen Larabci na tsirrai masu yawa daga bakin mutanen wurin. Shi ya raɗa wa bagayi da jiga sunayensu na boko. Adam Afzelius kuwa ya zo Saliyo, amma bayan mutuwar malamin nasu.

Kai yaro, kafin Baturen nan kuka ba ta da suna ne?

Tana da shi, Baba, kuma ba wanda ya isa ya ce ya fi ku saninta. Ku kuka san ganyen wace kuka ke daɗin miya da wanda ke ɗaci, kun san lokacin da ake saran ganye a shanya a inuwa don kada ya yi ja, kun san ɓawonta igiya ne, ’ya’yanta kuma na shiga kunu da nono. Linnaeus bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan da harshensa ko hannunsa ba. Bafulatanin da ke kiwo a fadamun Haɗeja ya san ciyawar da ke kumbura saniya da wadda ke kawo nono, ungozoma ta san saiwar da ake jiƙa wa mai jego, ba su jira Latin ba.

Abin da Linnaeus ya ƙara shi ne abu uku. Ya rubuta. Ya jera abin da ya rubuta ta yadda baƙo zai iya nemo shi. Sannan ya ajiye tsiron kansa a busashe kusa da sunan, ta yadda in gardama ta tashi bayan shekara ɗari biyu, a buɗe akwati a duba. Mu a nan, itacen da ake kira darbejiya a Kano wani wuri dogon yaro ne, wani wuri maina ko bedi. Mai sayen riɗi a Japan da mai noma shi a Gumel ba harshe ɗaya suke yi ba, amma a takardar fitar da kaya suna ɗaya suke gani. Amfanin sunan boko ke nan, bai wuce haka ba, bai kuma kore namu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren ajiyar. Tsohon da ya san itatuwa ɗari uku a dajin garinmu, in ya kwanta dama, da ilminsa ake binne shi, dajin ma kuma gatari da gawayi suna cin sa. Shi Linnaeus har takardun da ya liƙa a bangon ɗakin kwanansa suna nan.

Ina gidan yake? Na ji kana ambaton wurare biyu.

Uku ne ma. Akwai gidan farfesa a cikin birnin Uppsala, a titin Svartbäcksgatan, inda ya zauna daga 1743 har mutuwarsa, haɗe da lambun jami'a na dā. Akwai Hammarby, gidan gonarsa a kudu maso gabashin birnin, tafiyar kilomita goma da ’yan kai. Sai kuma Råshult inda aka haife shi, wanda ke da nisa sosai a kudu, ba a haɗa shi da sauran a yini ɗaya. Hoton da kuka gani na Hammarby ne, kuma shi na fi so a yi magana a kai.

Me ya kai farfesa guda zama a ƙauye?

Lissafin magidanci. Gidan birni na jami'a ne, ranar da ya mutu iyalinsa za su tashi. Sai ya sayi gonar Hammarby a 1758 don matarsa da ’ya’yansa su samu abin dogaro, ya gina babban gidan a 1762. Kowa ya ga yadda iyalan ma'aikata ke kwashe kaya daga gidan gwamnati bayan rasuwar maigida zai fahimce shi. Haka kuwa aka yi: matarsa, Sara Elisabeth, ta zauna a Hammarby har ta mutu a 1806. Ita ce ma ke riƙe da harkar gona da dabbobi da ma'aikata tun yana raye, shi yana can cikin takardu. Gwamnatin Suwidin ta sayi gidan daga hannun zuriyarsa a 1879, yanzu Jami'ar Uppsala ke kula da shi.

Me ake gani a ciki? Fada ce?

Ba fada ba ce, akwai ’yan kasuwar hatsi a Dawanau da gidajensu suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Bene ne na katako, ƙasa da sama, an shafe shi da jan fenti irin na gidajen karkararsu, da wasu gine-gine biyu a gefe da suka sa tsakar gida a tsakiya. Cikin babban gidan ba a shiga sai da jagora, rukuni-rukuni, saboda katakon ya tsufa kuma kayan na asali ne.

Ɗakuna biyu a sama su ne zuciyar ziyarar, ɗakin karatunsa da ɗakin kwanansa. Maimakon ya shafe bango, sai ya ɗauko shafukan manyan littattafan zanen tsirrai ya liƙe su tun daga ƙasa har rufi. Na ɗakin karatu baƙi da fari ne, daga aikin Charles Plumier, wani Bafaranshe da ya zana tsirran tsibiran Amurka. Na ɗakin kwana masu launi ne, zanen Georg Ehret, Bajamushen da ya yi aiki tare da shi a Holan. Takardun sun yi duhu, danshi ya taɓa wasu, amma suna nan inda ya liƙa su fiye da shekara 250. Mutum ne da yake zaune a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe komai wata da watanni, ya kwanta ya tashi yana kallon tsirran ƙasashen zafi da yawancinsu bai taɓa ganinsu a inda suke fitowa ba. Na tsaya a ɗakin ina neman wanda na sani daga gida.

A saman ƙofar ɗakin kwanan ya sa an rubuta wata jimla da Latin, ma'anarta mutum ya yi rayuwa ba da cutarwa ba, Ubangiji yana nan. Da na fassara wa limaminmu, cewa ya yi ashe dai Baturen ya san ana kallonsa.

Akwai hotunan ’ya’yansa a bango. Ɗalibaina mata, ga taku: babbar ’yarsa, Elisabeth Christina, ta lura da wani ɗan walƙiya da wasu furanni masu ruwan lemo ke yi wa ido da almuru a lambun gidan, ta rubuta bayani, kuma cibiyar kimiyya ta ƙasar ta buga shi a 1762, a zamanin da ba a ɗaukar mata a jami'a.

Shi kuma ɗan ginin nan na kan tudu fa?

Tsoron gobara ne ya gina shi. A wancan zamani Uppsala gari ne na katako. A 1702 wuta ta cinye yawancin birnin, har da aikin shekaru na Olof Rudbeck, wanda ya kafa lambun jami'ar. A 1766 wata wutar ta sake tashi ta kusanto gidan Linnaeus. Sai ya gina ɗan ɗaki na dutse a kan tudun da ke bayan Hammarby, aka gama a 1769, ya kwashe busassun tsirransa da ƙwari da duwatsu da littattafai ya kai can. Bai yarda a sa murhu a ciki ba. Ya tsere wa wuta, sai sanyi da danshi da ɓeraye suka samu nasu rabo. Duk manomin da ya taɓa ɓoye hatsi daga ɓarawo ya tarar gara ta riga shi ya san wannan ciwon.

A nan yake koyar da ɗaliban da suka biyo shi daga wasu ƙasashe. Kujerar da yake hawa ya yi darasi tana nan, wata aba mai kama da doki da ɗan teburi a gaba.

To kayan nasa suna ciki har yanzu?

A'a, kuma wannan shi ne abin da ke yi wa mutanen Suwidin ciwo. Ɗansa namiji ɗaya da ya rayu har ya girma, wanda ya gaje shi a kujerar farfesa, ya mutu a 1783. Uwar tana da ’ya’ya mata a gabanta, sai ta sayar da tarin ga wani saurayi ɗan Ingila, James Edward Smith, a kan gini 1,000, kuɗin zinariyar Ingila na lokacin. A 1784 kayan suka isa Landan. Smith ya kafa ƙungiyar Linnean Society a 1788, kuma a hannunta suke har yau, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Burlington House. Busassun tsirrai kaɗai sun kai kimanin 14,000. An ɗauki hotunansu an sa a intanet, mai waya a Taura ko Garki zai iya duba su. Wato gida a Suwidin, dukiyar a Ingila.

Akwai shukokinmu a lambun? Gero, dawa?

A Hammarby kada ka sa rai. Tsirran ƙasar sanyi ne, wasunsu jikokin waɗanda ya shuka da hannunsa. Yana da sha'awar tsirran Saberiya ta Rasha, saboda suna jure sanyi, har akwai sashen da ya ware musu, kuma wasu sun bazu sun zama kamar ciyawar wurin. Gonakin da ke kewaye an kare su da doka, ana kula da su yadda za su riƙe kamannin karkarar zamaninsa.

Lambun cikin birni ya fi yawan iri. An kafa shi a 1655, shi ne mafi tsufa a ƙasar, kuma an maido shi bisa taswirar da Linnaeus ya zana a 1745. Sama da iri 1,000 ne a ciki, kuma ba a shuka komai sai abin da aka san ya taɓa nomawa a wurin. Masu shekara ɗaya a gefe guda, masu daɗewa a ɗaya gefen. Akwai ’yan akurki a kan dogayen sanduna, na birran da yake kiwo.

Malaman gona su ji wannan. Linnaeus ya yi imani za a iya saba wa tsiron ƙasar zafi da sanyi sannu a hankali, har Suwidin ta daina sayo ganyen shayi da makamantansa daga waje. Ya yi ta gwadawa, sanyi ya yi ta kashewa. A Holan dai ya yi nasarar sa ayaba ta yi fure ta yi ’ya’ya a ɗakin ɗumi a 1736, abin da ya ba Turawa mamaki, amma a fili ƙasa da yanayi suka fi ƙarfinsa. Idan aka kawo mana irin da aka ce ya yi abin mamaki a wata ƙasa, a fara gwada shi a kunya biyu kafin a ba shi gona.

Wai da gaske ne ya ce tsirrai na da maza da mata?

Da gaske ne, kuma a kan haka ya gina rabe-rabensa. Ya kasa tsirrai gida 24, yawanci bisa ƙirga ’yan zaruruwan namiji da ke cikin fure da yadda suke tsaye. Ba shi ya fara gano hakan ba, amma shi ya mai da shi ma'auni, wasu malaman zamaninsa har suka ce maganar batsa ce. Masu dabino a Dutse, inda akwai tashar binciken dabino, ba sa buƙatar a gaya musu: sun san namiji ba ya ’ya’ya, sun san in ba a kai hudarsa kan ta mace ba, amfanin bana ya tafi. Mai gwanda ma ya sani. Yau masana sun bar wancan rabon na gida 24, sun koma bin dangantaka ta asali da binciken ƙwayoyin halitta. Sunan mai kalma biyu ne ya rage.

Yaushe ya kamata a je?

Daga Mayu zuwa Satumba ake buɗewa, sauran watanni a rufe yake. Ranaku da sa'o'i kan sauya, a duba shafin Jami'ar Uppsala kafin a fita. Ƙarshen Mayu da Yuni furanni sun fi yawa. Wato lokacin ya faɗa daidai shuka da noman farko a wurinmu, manomi sai ya yi shawara da gonarsa. Ko a bazararsu a tafi da rigar sanyi, safiyarsu takan yi kama da ta hunturunmu.

Yaya hanya take daga nan?

Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Stockholm, sai an ya da zango a wani wuri, kamar Addis Ababa ko Doha. Filin jirgin Arlanda yana tsakanin Stockholm da Uppsala, jirgin ƙasa kan kai ka Uppsala cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Gidan birni da ƙafa ake zuwa daga tasha. Hammarby kuwa sai mota ko keke, domin bas ba ya ajiye ka a ƙofa, akwai sauran tafiya. Mai ƙarfin ƙafa zai iya bin hanyar da Linnaeus ke bi da ɗalibansa suna tsintar tsirrai, an kafa mata alamu, ta bi ta ƙauyen Danmark. Ƙauye ne a nan kusa, ba ƙasar Denmak ba.

Biza ta Schengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, wadda ke ba da izinin kwana 90 cikin 180, kuma ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Kuɗinsu krona ne ba Yuro ba, amma da wuya ka ga mai karɓar tsaba, kusan komai da kati ne, har kofin shayi. A tabbatar katin banki zai yi aiki a waje tun kafin a bar gida.

Sallah da abinci fa? Kuma ba ziyarar kabari ba ce?

Babu kabari a Hammarby. An binne shi a babbar majami'ar Uppsala, wanda ba ya son shiga ba abin da ya rasa daga ziyarar gidan. Akwai masallaci a Uppsala, akwai shagunan naman halal. A Hammarby ɗan wurin shan shayi da burodi ne kawai, mai son cin abinci sosai ya tafi da guzurinsa. Fili kuwa ga shi nan, ka shimfiɗa darduma a gefen ciyawa ba mai ce maka kanzil.

Lokutan sallah ne ke rikita baƙo. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, ta fito wajen 3:30, kuma sama ba ta yin duhu sosai a tsakani. Ka karɓi jadawalin masallacin garin ka bi, kada ka tsaya jiran ganin duhun lisha.

Yaya, na karanta cewa mutumin nan ya raina baƙar fata. Me ya sa za mu girmama gidansa?

Abin da kika karanta gaskiya ne, ƙanwata. A littafinsa Systema Naturae na 1735 ya kasa ’yan Adam gida huɗu bisa nahiya da launi. A bugu na 10, na 1758, shekarar da ya sayi Hammarby, ya ƙara wa kowane gida halaye: ya ba Bature kaifin basira da bin doka, ya ba mutumin Afirka lalaci da sakaci da bin son rai. Ya rubuta haka bai taɓa zama da mu ba, daga labaran matafiya da ’yan kasuwa, a zamanin da cinikin bayi ke kan ganiyarsa. Waɗanda suka zo bayansa sun ɗauki wannan rabo sun gina wariyar launin fata a kai suna kiranta kimiyya. Ita kanta ƙungiyar da ke riƙe da kayansa a Landan ta fito ta yi bayani a kan haka.

Ni ban je don girmamawa ba, na je don in gani. A kan tsirrai yana da ganye a hannu yana dubawa, shi ya sa aikin ya daɗe. A kan mutane jita-jita ya bi, ya yi ɓarna. Idan kika je, ki yi wa jagora wannan tambayar a gaban kowa.

Zan iya tsinko iri in kawo gida? Ko in kai musu namu tsaraba?

Kada ka tsinki komai a lambun. Shigo da iri ko dashe Nijeriya kuma sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, kuma dokar tana da dalili, ta haka cuta da ƙwari ke tsallaka ƙasashe. Can ma tsiro da iri ba sa shiga sai da takardar shaidar lafiyarsu. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa an hana shiga da su Tarayyar Turai a jakar matafiyi, za a karɓe a filin jirgi. A 2015 ma sun dakatar da shigar busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki.

Tsakani da Allah, ya cancanci kuɗin jirgi?

Don shi kaɗai, a'a. Kuɗin ya fi amfani a rijiyar burtsatse ko taki. Amma wanda karatu ko taro ya kai Stockholm ko Uppsala, musamman ɗalibanmu da ke zuwa jami'ar aikin gona da ke Ultuna a gefen garin, in ya dawo bai leƙa ba ya yi asara. Rabin yini ya isa Hammarby, awa biyu gidan birni.

Mu da ba za mu je ba, akwai makamancinsa a kusa?

Akwai ma'adanar busassun tsirrai a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, babbar ta ƙasa kuma tana cibiyar binciken gandun daji a Ibadan. Malamin makaranta zai iya rubuta takarda ya nemi a nuna wa ɗalibansa. Tsirrai masu rai kuwa ga dajin Falgore a kudancin Kano, ga dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja. Mai son ganin yadda ake adana tsohon gida ya je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa cikin Kano, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna.

Akwai kuma wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya bi mutane yana tambayar sunayen itatuwa, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Masu bincike na amfani da shi har yanzu. Sunansa ne a bangon littafin, amma ilmin na manoma da makiyaya da masu magani ne waɗanda ya tambaya.

Malam, mu a makarantarmu yaya za mu fara tara namu?

Tsofaffin jaridu, katako biyu masu faɗi, da dutse mai nauyi ko igiya. Ku yanko reshe mai ganye da fure, da ’ya’ya in akwai, tsawonsa kada ya wuce shafin jarida. Ƙaramar ciyawa a tuge ta har saiwa. Ku shimfiɗa shi a cikin jarida, ku juya ganye ɗaya ko biyu don bayansu ya fito, ku danne. A riƙa sauya jaridar kullum a kwanakin farko, in ba haka ba zai yi funfuna, musamman da damina, wadda kuma ita ce lokacin da furanni suka fi samuwa. Mai kaurin ganye yakan ɗauki mako biyu ko fiye.

In ya bushe sai a liƙa a farar takarda mai kauri, a rubuta a gefe: ranar da aka ɗebo, garin da wurin, fadama ce ko jigawa, launin furen tun yana ɗanye, sunansa da Hausa, da Fulatanci ko Barbarci in an samu, amfaninsa, da wanda ya faɗi amfanin in ya yarda a sa sunansa. Sunan Latin a bar gurbinsa, a cike daga baya idan an kai jami'a an tabbatar. Kada ku tafi daji ku kaɗai, ku roƙi wani dattijo ko mai maganin gargajiya ya raka ku, ku kuma nemi izinin mai gona kafin ku taɓa itacensa. Takardun a ajiye su a akwatin ƙarfe da ƙwayoyin kafur, a ɗora shi kan benci nesa da bango saboda gara.